Tantabarun da Suka Ƙi Sauka

Zan iya manta kayan da na sa ranar da aka kai ni ɗakin miji, zan iya manta waɗanda suka raka ni, amma ba na jin har in koma ga Mahaliccina zan manta yammacin nan da na tsaya a kan soron gidanmu na Shahuci, faifai a hannu, aurena kuma yana rataye a fukafukan tantabaru. Yanzu in na ba jikokina labarin dariya suke yi har da riƙe ciki, ni ma in taya su. A ranar kuwa, wallahi, ko murmushin kirki ban iya yi ba sai da komai ya wuce.

Shekarar da sojoji suka ce za su koma bariki su bar wa farar hula mulki ce, karon farko da muka ga irin haka da wayonmu. Kano ta rikice da siyasa. Duk lungun da ka kutsa lasifika ce ke tashi, 'yan mata na rera waƙar jam'iyya a bakin famfo, mai shayi ma sai ya san ɓangarenka kafin ya tambaye ka sukari. Tutoci kuwa ba a magana: a kan bishiya, a kan keke, a wuyan jaki ma na taɓa gani. A tsakiyar wannan hayaniya, damina ta kankama, aka ɗauko ni daga Gwammaja aka kawo ni Shahuci.

Bari in faɗi halina tun da wuri, don shi ya jawo komai. Ni mutum ce mai tambaya. Tun ina ƙarama ba a gama ba ni umarni sai na ce "don me?", har mahaifiyata takan ce da wannan kalmar na fara buɗe baki. Mahaifina malamin zaure ne, tauhidi yake karantar da manya bayan asuba, ni kuma in maƙale a bayan ƙofa ina satar ji. Maimakon ya kore ni, sai ya fara jefa mini tambayoyi in ya shigo cikin gida. Wata safiya ya gan ni na dawo daga maƙwabta da garwashi a murfin kwano. Ya ce, "Ina kika samo wuta?" Na faɗa masa gidan. "Su kuma a ina suka samo?" Na ce wataƙila a gidan gaba. Ya ce, "To, idan duk gidajen Kano kowa ɗebowa ya yi a wurin maƙwabcinsa, babu gida ɗaya da aka ƙyasta, da akwai wuta a garin nan?" Na tsaya da murfin yana ƙona mini yatsu, na ce a'a. Ya ce, "Haka duniya take. Duk abin da zai iya kasancewa kuma zai iya rashin kasancewa, sai an sami abin da ya rinjayo shi ya kasance. Shi ne sababinsa. Sababin ma da nasa sababin. Ki yi ta bi, ba za ki huta ba sai kin isa ga Wanda bai ɗebo samuwarsa a wurin kowa ba." Ban san ranar wace irin murna ce ta kama ni ba. Na wuni ina bin abubuwa da ido, tukunya, kaza, inuwar katanga, kowanne ina tambayarsa daga gidan wa ya ɗebo.

Gidan da aka kai ni tsohon gida ne na ƙasa, mai soro da matakala. Mutanen cikinsa ba su da yawa. Akwai maigidana, malamin firamare, mutum mai sanyi wanda kunya ta yi wa katutu. Akwai wansa, da kowa ke kira Yaya, wanda siyasa ta shiga jininsa har ba ya cin abinci a zaune. Akwai Gwaggo, ƙanwar mahaifinsu, ita ta riƙe su tun da iyayensu suka rasu, kuma ita ke juya gidan. Sai kakansu, mahaifin Gwaggo, da muke ce wa Malam, tsoho mai barkwanci wanda idonsa ya rufe bai fi shekara ba kafin zuwana. Sannan akwai tantabaru. Na sa su cikin lissafin mutanen gida don haka aka ɗauke su. Malam ne ya tara su tun yana da ƙarfi, ya jera musu tsofaffin tukwane a jikin katangar saman soro, kuma duk unguwa an san gidan da su. In ana yi wa baƙo kwatance, cewa ake ya ɗaga kai ya bi tantabaru.

Ranar da aka shigo da ni, a ranar suka tashi. Ba su ɓace gaba ɗaya ba, abin da ya fi ɗaga wa mutane hankali ke nan. Kullum da yamma sai su zo, su yi ta kewaya gidan, su ƙi sauka, su koma su kwana a kan ganuwa da rufin maƙwabta. 'Yan shilarsu na cikin tukwane suna kuka da yunwa, sai da aka sauko da su ana ɗura musu jiƙaƙƙen gero a baki.

Ni ina ɗaki ina amarci, ban san wainar da ake toyawa ba. Abin da na fara lura da shi, matan da ke zuwa ganin amarya sun daina kallon fuskata da jeren kwanukana, ƙafata suke kallo. Sai wata tsohuwa da ba ta iya raɗa ba ta ce wa ta kusa da ita, a gabana, "Tantabara ba ta barin gida a banza. Allah dai ya raba mu da farar ƙafa." Na san me ake nufi. Mace ce da ake cewa in ta sa ƙafa a gida, arzikin gidan ya fita ta ɗaya ƙofar. Na dubi ƙafafuna da suka sha lalle, na ja zane na rufe su. Wadda aka liƙa wa wannan suna ba ta rabuwa da shi. Ko auren ya mutu, sunan yana nan yana jiran ta a gidan gaba.

Na kai kuka wurin maigidana, ya sunkuyar da kai ya ce in yi haƙuri, shi bai yarda da wannan magana ba. Na ce to ya faɗa wa Gwaggo mana. Ya dube ni kamar na ce ya daki limami. A lokacinmu saurayi ba ya buɗe baki ya kare amaryarsa a gaban wadda ta raine shi, sai a ce an shanye shi. Na ji haushinsa sosai a ranar, ko da yake daga baya na gane shi ma ba barci yake yi ba.

Ranar Laraba Gwaggo ta shigo ɗakina, ta zauna a bakin gado, ta kama hannuna. Abin da ya fi ci mini rai, ba da faɗa ta zo ba. Ta ce, "'Yata, jibi Juma'a da safe za a raka ki gida ki ɗan huta, ki ga iyayenki. Ba wani abu ba ne, kada ki sa a ranki." Na ce, "Gwaggo, idan na tafi tantabarun suka sauka fa?" Ta saki hannuna, ta gyara mayafinta, ta ce Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri. Ta fita. Na fahimci cewa in suka sauka a bayana, ni da gidan nan sai dai labari.

Washegari Alhamis bayan la'asar na dama fura na kai wa Malam, yana zaune a kan buzunsa a inuwar tsakar gida. Shi kaɗai ne a gidan nake sakewa da shi, saboda wasan da ke tsakanin kaka da matar jikansa. Yana jin takuna ya ce, "Amaryata ce? Na ce ki rabu da yaron nan mai alli a riga ki dawo wurina, kin ƙi. Ga shi an ce gobe za ki gudu ki bar mu duka." Na ce, "Ai kai ka ƙi biyan kayan lefe, Malam." Na yi ƙoƙarin yin dariya, muryata ta karye. Ya laluba ya karɓi kwanon.

Can ya ce, "An ce mini ke 'yar malamin tauhidi ce, wai komai sai kin ce da dalilinsa. To wa ya gaya miki? Me zai hana abu ya auku haka siddan, ba gaira ba dalili?"

Duk da baƙin cikin da nake ciki, sai na ji jinina ya motsa, don an taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Na ɗauki ludayi na ƙwanƙwasa murfin kwano a bayansa. Ya juya firgigit ya ce, "Mene ne wannan?" Na ce, "Ba komai, Malam, ƙara ce ta yi kanta haka siddan." Tsohon nan ya yi dariya har da tari. Na ce, "Ka gani? Kai ma ba ka yarda ba. Da abu na aukuwa ba dalili, da ba ka juya ba, da kuma ba ka tambaye ni wa ya gaya mini ba. Mai cewa babu dalili ma, in ka ce ƙarya yake, dalili zai kawo maka."

Ya goge hawayen dariya ya ce, "Madalla da 'yar malam. Amma tsaya, kada ki yi saurin murna. Gwaggonku ma ai ba ta ce babu dalili ba. Ta ce akwai, kuma ke ce. Ashe ke da ita makarantarku ɗaya." Maganar ta dake ni. Na jima ina juya ta, sannan na ce, "A'a, Malam. Wanda ya ce wuta daga gidan wane ta fito, sai ya nuna wanda ya ɗauko ta da murfin da aka zubo ta. Ni a nuna mini abin da ya haɗa tafin ƙafata da fiffiken tsuntsu. Zuwana da tashinsu rana ɗaya ne, na yarda. Amma ai ranar ma an yi ruwa, an kuma yanka rago, ba wanda ya ce ragon ne."

Kafin ya amsa sai muka ji su. Wannan ƙarar fukafukai da ke cika sama in garke ya taho. Malam ya ɗaga fuskarsa yana bin ƙarar, kamar mai neman ya gan su. A lokacin na gane ba ni kaɗai ce ke cikin ciwo a gidan ba. Ya ce, "Amarya, ara mini idonki. Kowa cewa yake sun ƙi sauka, ba wanda ya gaya mini yadda suke ƙin. Faɗa mini abin da kike gani, kada ki rage komai."

Na matsa tsakiyar tsakar gida na kare rana da hannu. Na ce, "Ga su nan ta gabas, sun yi gungu. Sun kewayo. Suna yin ƙasa, Malam, suna yin ƙasa, har sun miƙo ƙafafu za su dira. Kai! Sun zabura sun koma sama gaba ɗaya, kamar an kore su."

"Kamar an kore su?" Ya ajiye kwanon. "Wa ke kan soron?"

"Ba kowa."

"Duba da kyau. Kyanwa? Shirwa a sama?"

"Babu komai, Malam, sai tutar nan."

"Wace tuta?"

Na ce tutar jam'iyyar Yaya mana, wadda ke ɗaure a doguwar gora a kan soro, tana ta kaɗawa. Ni tun da na fara fitowa tsakar gida nake ganinta, na ɗauka ta shekara a wurin. Ashe na fasa ƙwai ban sani ba. Malam ya hana a shigo masa da siyasa gida, ya ce daga zaure ta tsaya. Shi kuwa Yaya da ya ga taron biki, ya san rabin unguwa za su hallara, sai ya hau da safen ranar ɗaurin aure ya kafa tutarsa inda kowa zai gani. Duk gidan aka haɗa baki aka ɓoye wa tsoho, wai kada ransa ya ɓaci, tun da ba gani zai yi ba.

Malam ya dafa ƙasa ya miƙe tsaye ba tare da sanda ba. Ya ce, "Gora? Da ƙyalle a kanta? Innalillahi! Yarinya, da me kike tsammani na koya musu tashi? Shekara da shekaru, kullum bayan asuba, ni kaɗai nake hawa da gora mai tsumma a kai. In na ɗaga ta, ba mai sauka, wanda ya gwada ya sha kaɗi. Sai na kwantar da ita ƙasa sannan su dira su ci. Ai ba ƙin gida suka yi ba, biyayya suke yi! Suna jiran a kwantar da gora!"

Jama'a, ban san lokacin da na yi tsalle ba, ni amarya, da lulluɓi da komai. Na tafa hannu na ce, "Ga murfin! Malam, ga murfin da aka ɗebo wutar!" Rabin sanin yana wurinsa, rabi yana wurina. Shi ya san gorar bai ga tutar ba, ni na ga tutar ban san gorar ba. Sauran mutanen gida kuwa sun san duka biyun, tun suna yara suke ganin Malam da gorarsa, amma ba wanda ya haɗa. Mu jam'iyya muke gani a saman soron, tsuntsaye kuwa gora da tsumma suke gani.

Ina cikin murnar sai wani tunani ya faɗo mini ya katse ta. Da safen nan na ji Yaya ta taga yana gaya wa abokansa cewa gobe Juma'a bayan masallaci zai sauke tutar, a kai ta babban taron rufe kamfe. Gobe da safe kuma za a mayar da ni gida. Ke nan ina fita za a kwantar da gora, da yamma tantabaru su sauka, duk Shahuci ta shaida cewa mai farar ƙafa ta tafi arziki ya dawo. Ba wanda zai ƙara sauraron wani bayani har abada. Nan take na faɗa wa Malam. Ya ce, "To yau za a yi ta, kina tsaye. Kira mini su duka."

Aka taru. Gwaggo ta fito da hannu duk garin kuka, miya take kaɗawa. Maigidana ya shigo ya rakuɓe a jikin bango. Aka kirawo Yaya daga zaure, yana jin an ambaci tuta ya fara share gumi. Ya durƙusa ya ce, "Malam, na yi laifi, a yafe mini. Amma don Allah a bar ta zuwa gobe. In aka ga an sauke tuta a gidan nan yau, kafin magariba labari ya kai Ƙofar Na'isa cewa na sauya sheƙa. Da wane ido zan kalli mutanena?" Malam ya ce, "Kai da idon kallon mutanenka ka damu. Ita yarinyar nan da wane ido za ta kalli garin nan in ta fita gobe? Ban ce ka bar jam'iyyarka ba. Ka kai ta ƙofar gida ka kafa, in ka ga dama ka ɗaura ta a wuyanka. Soro dai nawa ne da tsuntsayena." Yaya ya buɗe baki zai ƙara magana, sai muka ji murya daga jikin bango: "Ni zan sauke ta." Maigidana ne. Bai jira amsa ba ya nufi matakala. Ranar na fara sanin akwai namiji a cikin rigar nan mai alli.

Muka hau gaba ɗaya. Yaya da kansa ya riƙe hannun Malam, tsohon da rabonsa da soron tun rufewar idonsa. Gwaggo na biye tana haki tana cewa wannan wane irin abu ne. Matan maƙwabta sun ji hayaniya, sun fara leƙowa ta saman katangu, har da tsohuwar nan da ba ta iya raɗa ba. Ga hadari ya haɗo baƙi ƙirin ta gabas, iska ta fara ɗaukar mayafai. In ruwan nan ya sauko, tsuntsu ba zai taso daga inda ya fake ba, gobe kuma ta riga ta zama gobe.

Maigidana ya kwance gorar ya kwantar da ita a ƙasa. Malam ya karɓi tsohon gwangwaninsa mai dawa a ciki ya fara kaɗawa, yana wani irin fito da ban taɓa ji ba. Muka ɗaga kai. Sama fayau, ko tsuntsu ɗaya babu, sun riga sun koma kan ganuwa. Ya kaɗa, ya kaɗa, har hannunsa ya gaji. Shiru. Na ji Gwaggo ta ce, "To," a hankali, irin "to" ɗin da ta fi zagi ciwo. Na fara cewa a raina ko dai mun yi kuskure, ko tsuntsayen sun riga sun haƙura da gidan.

Malam ya ce, "A zuba dawa a faifai a ba amarya. Ta tsaya a tsakiya." Gwaggo ta ce, "Baba, ita fa ake..." Ya ce, "Shi ya sa." Aka miƙo mini. Na tsaya a tsakiyar soro, idon unguwa duka a kaina. Ba addu'ar da ban karanto ba. Ɗigon ruwa na farko ya faɗo mini a goshi.

Sai ga wani guda ɗaya ya taso daga wajen ganuwa, wani tsohon namiji mai ruwan ƙasa da farin wuya. Ya zo ya kewaya, ya sake kewayawa, ya yi ƙasa, ya miƙo ƙafafu. Ya dira a kan zankon soro, ya karkata kai yana kallon inda gorar take a da. Malam ya ce, "Na ji saukar ɗaya. Mai farin wuya ne?" Na ce shi ne. Ya ce, "Shi ne babbansu. Kada kowa ya motsa." Tsuntsun nan ya yi tsalle ɗaya, sai ji na yi faifai ya yi nauyi. A hannuna ya sauka, ya fara tsattsagar dawa kamar ya shekara da sanina.

Abin da ya biyo baya ba ya faɗuwa. Sama ta cika da fukafukai, suka yi ta zubowa, a kan faifai, a kan katanga, a kafaɗar Malam, a gaban ƙafafuna, wasu suka wuce kai tsaye cikin tukwanensu suna guɗa irin tasu. Wata maƙwabciya ta rangaɗa guɗa ta gaske, sauran suka ɗauka. Yaya, mai tuta, shi ya fi kowa ihu, yana ta kabbara. Ni kuwa ina dariya ina kuka, ruwa ya fara zuba, ban ko ji shi ba. Wata daga kan katanga ta ce, "Ikon Allah!" Malam ya ce, "Ikonsa ne, babu shakka. Amma ta kan gora ya biyo da shi, kuma ya ba mu hankalin da za mu gano."

Muka sauko a jiƙe muka fake a rumfa. Na ɗauka magana ta ƙare, ashe da saura. Gwaggo ta matse bakin zanenta, ta ce, "Amma Baba, tsakani da Allah, ai don bikinta aka kafa tutar. Da ba ta zo ba, da ba a kafa ba. Ka ga ashe dai ta wani ɓangaren ita ce." Maganar kuwa ba ƙarya ba ce.

Malam ya ce, "Gaskiyarki. Tun da bin sawu kike so, mu bi. Tuta don biki, biki don amarya. Amarya kuma wa ya gan ta a gidan suna a Gwammaja, ya dawo ya hana mu barci da cewa ya ga matar ɗansa?" Gwaggo ta sunkuyar da kai, don ita ce. Ya ce, "To ke ce ke nan. Ke kuma ni na haife ki, ni kuma na koya musu tsoron gora, ashe ni ne ta hanya biyu. Ni ma wani na gani yana yi na koya. Shi kuma mai tutar nan, da sojoji ba su ce za su sauka ba, ina zai same ta? Mu je mu kama su? Duk wanda kika cafke a layin nan zai nuna miki na bayansa, don ba mai wutar kansa a cikinmu. Layin ba ya tsayawa sai a wurin Wanda ba a tambayarsa wa ya sa shi. In za ki bi, ki bi har can. In ba za ki iya ba, ki tsaya a kan gora, ita ce za mu iya kwantarwa. Amma me ya sa duk tsawon layin nan ba ki ga wurin tsayawa ba sai kan baƙuwa, wadda ba ta da mai tsaya mata a gidan?"

Gwaggo ta fashe da kuka. Cikin kukan ta ce shekarar da wata cuta ta shiga tantabarun suka yi ta mutuwa, a shekarar ɗan'uwanta ya rasu, mahaifin su maigidana. Tun daga ranar, in ta ga tukunya ɗaya ba tsuntsu sai gabanta ya faɗi. Da ta ga sun tashi duka, ta ɗauka wani za a sake ɗauke mata. Malam ya laluba ya dafa kanta, ya juyo wajena ya ce, "Kin ji, 'yar malam? Ita ma tsoronta da gidan da ta ɗebo shi." Duk haushin da na tara mata sai na neme shi na rasa.

Ba ta ce in yafe mata ba, manyanmu ba sa faɗin haka da baki. Tashi ta yi ta shiga ɗakina, ta kwance ƙunshin kayan da na ɗaure don tafiyar gobe, ta mayar da kowane zane inda yake. Da ta fito ta ce, "Ke kuma kin tsaya nan a jiƙe, so kike ki yi mura a ce ni ce?" Ita ta karɓi haihuwata ta fari, a hannuna kuma ta cika bayan shekaru masu yawa. Tutar Yaya ta kwana a ƙofar gida, ba kuma wanda ya ce ya sauya sheƙa.

Na shiga gidan nan ina taƙama da cewa na san komai da dalilinsa, na ɗauka wannan sanin shi ne ya raba ni da masu camfi. Yammacin nan ya nuna mini ba haka ba ne. Kowa ya yarda da dalili, har wanda ya zarge ka, har tsuntsu. Inda ake rabuwa shi ne wurin tsayawa. Mai tsoro yana tsayawa a kan na kusa da shi wanda ba zai iya kare kansa ba. Mai neman gaskiya kuwa sai ya nemi abin da ya haɗa wannan da wancan, ya gyara wanda hannunsa ya kai, sauran ya bi su da zuciya har zuwa ga Mai su. Shi ya sa har yau, in na ji an ce wance ce ta jawo, ko wane ne ya shigo da tsiya, ba na musu, ba na kuma gaskatawa. Cewa nake a fara hawa soro tukuna, a duba ko akwai gorar da aka manta a tsaye.